Kogin Vjosa ya tsira daga madatsa, saura bututu da tipa

A watan Maris na 2023 gwamnatin Albaniya ta yi abin da babu wata ƙasar Turai da ta riga ta yi: ta ɗauki kogi sukutum da wasu rassansa ta mayar da shi gandun ƙasa mai kariyar doka. Sunan kogin Vjosa. Daga tsaunukan Pindus na Girka yake tasowa, inda ake kiransa Aoos, ya yi tafiyar kusan kilomita 270 kafin ya zube a Tekun Adriyatik, kuma a duk tsawon tafiyarsa cikin Albaniya babu madatsar da ta tare masa hanya. An yi biki a garin Tepelena, Firaminista Edi Rama ya halarta, masu fafutukar kare muhalli suka yi ta murna. Sun cancanci murnar, don sun kwashe kusan shekara goma suna wannan faɗa. Sai dai ni ina tare da masu cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

In an ce kogi, yawancin mutane ruwa kawai suke gani. Kogin da ya gangaro daga tsauni kuwa ɗan dako ne. Duk lokacin da ƙanƙara ta narke a sama ko aka tafka ruwa mai ƙarfi, sai ya mirgino duwatsu yana farfasa su, dutse ya zama tsakuwa, tsakuwa ta zama yashi, ya kai kayan har bakin teku. A inda kwarin Vjosa ya buɗe, kogin kan rarrabu kamar kitso, ya bar tsibiran farar tsakuwa a tsakani. Tsibirin da ka tsaya a kai bana, baɗi ba lallai ka same shi ba, ambaliya ta kwashe shi ta kai gaba. Mai zanen madatsa zai kalli wannan ya ce asarar ruwa ce da rashin tsari. To amma a irin wannan kogi, sunkuya ka ɗaga dutse ɗaya a gefen ruwa ka juya cikinsa. Za ka ga ƙananan tsutsotsin ƙwari manne da shi, wasu har sun gina wa kansu ɗan gida da ƙwayoyin yashi. Su kifi ke ci. A ratar tsakuwar nan wasu kifayen ke zuba ƙwai, ta cikinta kuma ruwa ke tacewa ya sauka ƙasa ya ciyar da rijiyoyin mutanen kwarin. Nau'in halittun da aka ƙidaya a yankin Vjosa sun haura 1,100, har da wani kifi mai siffar maciji da ake ƙyanƙyashewa can a Tekun Atlantika, ya yi doguwar tafiya ya shigo kogin ya girma.

Madatsa tana barin ruwa ya wuce ta cikin injin, amma tsakuwa ba ta wucewa. Sai ta taru a bayan bango, shi kuma ruwan da ya fito hannu rabbana ya shiga cin gindin kogin don ya sami abin ɗauka. Kogi ya zurfafa, rijiyoyi su ja baya, gaɓar teku ta fara zaizayewa saboda an yanke mata yashi.

Amurka ta biya kuɗin koyon wannan darasi. A kogin Elwha na jihar Washington an gina madatsa biyu, ɗaya a 1913, ɗaya a 1927, ba tare da an bar wa kifin salmon hanyar hawa ba. Kifin ya kusa ƙarewa, 'yan asalin wurin na ƙabilar Klallam suka rasa abin da suka dogara da shi. Daga 2011 zuwa 2014 aka rushe madatsun biyu, aikin da gaba ɗayansa ya ci sama da dala miliyan 300. Yashin da ya shekara kusan ɗari a tsare ya sauka, gaɓar teku ta sake ginuwa, kifi ya fara komawa saman kogin. Labari ne mai daɗi, amma ƙasa nawa ke da wannan kuɗin na gyara abin da ta ɓata da hannunta? Turai ma, mai shingaye sama da miliyan ɗaya a kogunanta, yanzu ta ɗaukar wa kanta alkawarin buɗe kilomita 25,000 na koguna kafin 2030.

Masu son madatsa suna da hujja, kuma rashin adalci ne a yi kamar ba su da ita. Kusan duk wutar lantarkin da Albaniya ke samarwa daga ruwa take, akasari daga madatsun kogin Drin da ke arewa. Ƙasar da ke neman masana'antu da ayyukan yi ba za ka ce mata ta zauna a duhu don kifi ya ji daɗi ba. Amma hujjar tana da baki biyu. Wanda wutarsa duka ta rataya a kan ruwan sama, shekarar da aka yi fari sai ya sayo wuta daga waje da tsada, kuma hakan ya sha faruwa da Albaniya. Ƙarin madatsa ba zai raba ta da wannan ba, hasken rana da iska ne za su iya. Ga kuma yadda aka so yin abin. A 2017 kotu a Tirana, babban birnin Albaniya, ta soke izinin madatsar Poçem da aka so ginawa a kan Vjosa, bayan mutanen ƙauyen Kuta da ƙungiyoyin muhalli sun kai ƙara, saboda binciken tasirin muhalli da tuntuɓar jama'a ba su cika ƙa'ida ba. Gonakin mutane za a nutsar, amma ba a zauna da su yadda ya kamata ba.

Babbar madatsa dai kowa na ganinta, tana da suna, ana iya kai ta kotu. Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da ba ta da suna. Katafila ta shiga gindin kogi da sassafe, ta loda wa tipa tsakuwa a kai wurin gini, gobe ma haka. Ƙaramar tashar lantarki a kan wani rafi da ba ya cikin taswirar gandun, ta zuƙe ruwan cikin bututu, ta bar duwatsu suna shan rana na tsawon kilomitoci. Gari ya sako ruwan ƙazanta. Kowanne in ka ɗauke shi shi kaɗai sai ka ce bai kai a ɗaga murya ba, amma a haka kogi ke mutuwa alhali takardarsa na nan daram a ofis.

An ma fara ganin alamun. Tawadar sa hannu ba ta gama bushewa ba aka shiga rikici kan Shushica, ɗaya daga rassan da ke cikin gandun, saboda aikin shimfiɗa bututu da zai ɗebi ruwa daga mafarinsa ya kai garin Himara na bakin teku, inda harkar yawon buɗe ido ke bunƙasa. Mutanen ƙauyukan kwarin, masu shayar da dabbobi da ban-ruwa daga wannan rafi, suka fito suka ce ba su yarda ba. Can kusa da inda kogin ke shiga teku kuma, tun kafin a ayyana gandun, aka kafa aikin filin jirgin saman birnin Vlora a gefen fadamar Narta, matattarar tsuntsaye masu ƙaura. A ɓangaren Girka ma akwai tsohuwar madatsa kusa da mafari da ke karkatar da wani kaso na ruwan zuwa wani kogin daban, don haka kalmar “ba a taɓa shi ba” da ake yawan yi wa Vjosa tana buƙatar ɗan gyara.

A ganina kula da irin wannan kogi galibinsa kame hannu ne, kuma wannan ne aikin da gwamnatoci suka fi ƙi, don babu ƙyallen da za a yanka a kansa. A bar masa filin da zai yi ambaliya, kada a ba da izinin gini a ciki. A ƙayyade ruwan da dole ya rage a kowane reshe a lokacin zafi, a sa ma'auni, a riƙa bayyana alƙaluman kowa ya gani. Masu gadi su kasance 'yan kwarin ne, da albashi da ikon tsayar da tipa, domin wanda rijiyarsa za ta ƙafe ya fi kowane baƙo sa ido. Masu zuwa tuƙa kwale-kwale a ruwa mai gudu su zo, amma da adadi, kuma kuɗinsu ya tsaya a ƙauyen da suka kwana. Tunda kuma kogin bai san iyaka ba, dole gwamnatocin Girka da Albaniya su zauna a teburi ɗaya.

Duk wanda ke son sanin ko gandun Vjosa na aiki, kada ya tsaya karanta allon bakin hanya. Ya je Shushica a watan Agusta, ƙasa da inda bututun zai ɗebi ruwa, ya tsoma ƙafa ya ga inda ruwan ya kai masa.