Kaki ba ya mai da ɗan sa-kai soja

A Marwa da Mora, a arewacin Kamaru, ana yawan cewa da za a ɗinka wa 'yan sa-kai kaki irin na BIR, wato rundunar sojan Kamaru ta kai ɗaukin gaggawa, da sun zama sojoji. Masu faɗar haka tausayi ne ya sa su, domin tun 2014 samarin nan ke gadin ƙauyuka da kwari da baka da bindigar toka. Amma maganar tana damuna. Soja bisa doka ake ɗaukarsa, a horar da shi, a ba shi lamba da albashi. 'Yan sa-kai kuwa hukumomin gunduma da sarakuna ke kula da su. Ɗan sa-kai a Kolofata, gari na kusa da iyakar Najeriya, in ya kama wanda yake zargi, jandarmomi zai miƙa wa, ko da kaki a jikinsa. Ga shi 'yan Boko Haram sun sha shiga gari sanye da kakin soja, don haka riga mai alama ta daban ta fi kare shi da mutanen garinsa.