Pai ba 22/7 ba ne cif-cif

Akwai wata magana da ta zauna a bakin ɗaliban ƙaramar sakandare, har da wasu malamai, kuma tana damuna: wai pai, wato π, daidai yake da 22/7, ba ragi ba ƙari. Ba laifinsu ba ne. Takardar jarrabawa kan ce a ɗauki π a matsayin 22/7, amsa ta fito tas, sai yaro ya ɗauka shi ke nan.

Pai shi ne abin da ake samu idan aka raba tsawon kewayen da'ira da faɗinta ta tsakiya. Ƙaramar da'ira ko babba, amsar ɗaya ce: 3.14159, lambobin kuma suna ci gaba ba iyaka, ba sa maimaita wani tsari. Ita kuwa 22/7 tana ba da 3.142857, lambobi shidan nan su yi ta dawowa. Tun a lamba ta uku bayan ɗigo suka rabu. Arkimidis, masanin Girka, ya nuna tun fiye da shekara 2,000 cewa π ya fi 223/71 amma bai kai 22/7 ba. A 1761 Johann Lambert, wani masanin lissafi, ya tabbatar cewa babu cikakkun lambobi biyu da za a raba a sami π daidai.

A ɗauki faifai mai faɗin santimita 28. Da 22/7 kewayensa santimita 88 ne. Da π na ainihi kusan 87.96. Bambancin bai kai rabin milimita ba, igiyar awon tela ma ba za ta nuna shi ba. Shi ya sa 22/7 ta wadatar a aji, kuma tana sauƙaƙa lissafi idan 7 na raba faɗin. Malami dai ya riƙa cewa "kusan", ya rubuta ≈ maimakon =.