Ƙannena Direbobi, Ku Daina Karɓar Makullin Wanda Ya Ce Ba Zai Tashi Ba

Assalamu alaikum 'yan uwana direbobin manyan motoci, musamman ku ƙannena da kuka kama sitiyari kwanan nan.

Abin da na gani cikin makon nan ne ya hana ni yin shiru. Iska tana kaɗa tirela kamar za ta kife ta a inda take fake, ruwa kuma ya rufe gilas, mai share gilas ya kasa. Wani dattijon direba ya manna waya a kunne yana ce wa ofis, "Ku yi haƙuri, ba zan hau hanya a haka ba, a bari ya lafa." Bai ma sauke wayar ba wani yaro da bai kai sa'ar ɗansa ba ya miƙo hannu yana dariya: "Baba, tsufa ya zo ke nan. Kawo makullin, ni zan kai." Wallahi hannun nan da ya miƙa ya fi barazanar ofis ɓata mini rai.

Mai kaya yana son kayansa su isa, wannan ba sabon abu ba ne. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da wace fuska kamfani zai kori direba don ya ƙi tuƙi cikin guguwa, in ba don ya san akwai mai jiran ya karɓi makullin ba? Kai ne kake mayar da uzurin ɗan uwanka ƙarya, kai ne hujjar da za a kafa masa gobe: ga wane ya bi hanyar ya isa, kai me ya hana ka?

Kuma wannan haƙƙi ba a sama aka tsince shi ba. A Amurka tun 1982 dokar sufuri da ake kira STAA ta haramta korar direba ko rage masa matsayi don ya ƙi tuƙin da yake da dalilin tsoron zai jawo mummunan rauni. Ƙa'idar manyan motoci ta ƙasar, sashe na 392.14, ta ambaci dusar ƙanƙara, hazo, ruwa, ƙura da hayaƙi, ta ce a rage gudu, in abin ya yi tsanani a tsaya sai hanya ta yi kyau. Wanda aka kora yana da kwana 180 ya kai ƙara OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta ƙasar. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma, a yarjejeniyarta mai lamba 155 ta 1981, ta ce a kare ma'aikacin da ya janye daga aikin da ke barazana ga ransa.

Ku tambayi abin da wani direba a Amurka, Alphonse Maddin, ya sha. A Janairun 2009, a jihar Illinois, birkin tirelarsa ya daskare cikin dare, na'urar ɗumama motar ta mutu, ya yi sa'o'i yana jiran makaniki har jikinsa ya fara sandarewa. Aka ce ko ya ja tirelar da mataccen birki, ko ya zauna a wurin. Ya cire kan motar ya tafi neman tsira, aka kore shi. Sai a 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar masa da gaskiyarsa. Shekara bakwai mutum yana fama, kai kuma ka zo ka zubar da abin a minti ɗaya saboda kuɗin lodi guda. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wai jarumta. Wace jarumta ce a kan kwalta mai santsi? Motar da ta ɗauko tan 36 ba ta san sunanka ba, in taya ta rabu da ƙasa, taka birki da rashin takawa duk ɗaya ne. Tirela marar kaya ma ta fi saurin kifewa in iska ta bugo ta daga gefe. A Fabrairun 2021, a Fort Worth ta jihar Texas, ƙanƙara ta haɗa motoci kusan 130 wuri ɗaya, mutum 6 suka rasu. Kana zaton babu gwanaye a cikinsu?

Ba na ma son in shiga zancen masu ɗaga waya suna ɗaukar bidiyon ambaliya da hannu ɗaya a sitiyari don a yaba musu a TikTok, ko masu haɗiyar ƙwaya don korar barci. Su ne dai masu saurin miƙo hannun nan.

Ku ji tsoron Allah, ku riƙa tsayawa tare. In ɗan uwanka ya ce hanya ba ta biyuwa, ka ce kai ma haka ka gani, in ka ga gemunsa ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa.

Mu da muka koyi aiki a hannun manya, ba haka muka taso ba. In babban direba ya leƙa sama ya kashe injin, duk layin kashewa ake yi, ba mai tambayar dalili. Yaron mota ba ya taɓa makullin maigidansa sai an ba shi, balle ya yi masa dariya a gaban mutane. Yanzu yaro ya samu lasisi jiya, yau yana koya wa mai furfura yadda ake karanta hadari, mu kuma muna zaune muna kallo, ba mai tsawata masa.