Lauyoyin Kaduna, akwai aiki a ƙaramar hukuma

Da zarar kakar zaɓe ta kama, hotunan 'yan takara sai su cika titin Ahmadu Bello da na Ali Akilu, kuma da yawansu da "Barista" a gaban suna. Galibinsu Abuja suke hange, ko majalisar wakilai ko ta dattawa. Mai ƙaramin buri a cikinsu shi ne mai neman ɗaya daga kujeru 34 na majalisar dokokin jiha da ke Lugard Hall. Da wuya ka ga gogaggen lauya, balle wanda ya taɓa zama ɗan majalisa, ya fito neman shugabancin ƙaramar hukuma, don a wurinmu wannan ci-baya ne. Ni kuwa ina ganin can ne aka fi bukatarsa.

Marigayi Alhaji Abdulganiyu Folorunsho Abdulrazaq, Tafidan Zazzau kuma Mutawallin Ilori, shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama lauya. Ya samu shaidar aikin a Ingila a 1955, ya dawo ya zama mai ba jam'iyyar NPC, wadda ta mulki Arewa a Jamhuriya ta Farko, shawara kan shari'a. Ya zauna a majalisar dokokin Jihar Arewa nan Kaduna, ya yi jakadan Najeriya a Kwadebuwa, ya shiga majalisar tarayya a 1964, har ya riƙe muƙamin minista a gwamnatin Tafawa Ɓalewa. Da aka ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, mutumin da ya zauna a majalisar ministoci a Legas bai ga ƙasƙanci ba ya koma gida ya karɓi kwamishinan kuɗi a sabuwar Jihar Kwara, inda komai sai an faro daga tushe. Ya rasu a 2020 da mutuncinsa. Wannan saukowar ita ce abin da ya fi burge ni a tarihinsa, kuma irinta nake nema wa ƙananan hukumominmu 23.

Mutum ya buɗe jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ga abin da aka ɗora wa ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, magudanan ruwa, sanya wa tituna suna da gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Wane ne a cikinmu rayuwarsa ba ta bi ta waɗannan kullum? Kuma kowannensu doka yake bukata a rubuce, wadda kansiloli za su zartar, a san wa zai biya, nawa, ga wa, kuma ina zai kai kuka in an zalunce shi.

A nan muke da rauni. Je ka bakin kasuwa da hantsi ka tsaya kusa da mai tumatir da attaruhu. Kafin ya yi cinikin fari wani ya zo ya yaga masa tikiti, can wani ya biyo da nasa mai wata kala, ya ce na shara ne, alhali bolar tana nan bayansa tana ɗoyi. Ba ya tambaya, don ya san tambaya na iya sa a kife masa faranti. Sai ya biya, ya cusa takardun a ƙarƙashin buhu. Wace doka ce ta sa kuɗin? A ina aka manna ta? Shugaban da ya taɓa tsayawa gaban alƙali ya san cewa kuɗin da ba doka ta sa ba ƙwace ne, ko da rasit. Wanda kuma ya taɓa zama a majalisa ya san yadda ake rubuta ƙudiri, a tsefe kasafi, a kira ma'aikaci ya yi bayani. Kansilolinmu 255 suna bukatar wanda zai nuna musu cewa su ma 'yan majalisa ne, ba masu jiran alawus ba.

Ga kuma yadda garin Kaduna yake a rarrabe. Birni ɗaya ne, amma ƙananan hukumomi huɗu ke riƙe da shi: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Chikun da Igabi. Rigasa da duk cinkosonta tana Igabi, wadda hedikwatarta ke can Turunku. Sabon Tasha tana Chikun, hedikwata a Kujama. Ruwan damina kuwa bai san iyaka ba. Kwatar da ta toshe a wata ƙaramar hukuma gidajen wata take ci. Haɗa huɗun nan su yi aiki tare sai da yarjejeniya a rubuce, wadda kowa ya san nauyinsa a ciki.

Na san abin da za a ce: sanin doka ba gaskiya ba ne. Haka ne. Mun ga masu amfani da iliminsu wajen nemo ƙofar da za a bi a kauce wa doka, kuma lauya ya saba kare ɓangare ɗaya, alhali shugaba na kowa ne. Don haka ba na cewa a zaɓi mutum saboda ya sa baƙar riga da farin gashi. A duba wa ya kare a baya, da me ya yi da kujerar da aka taɓa ba shi.

Za a kuma ce kujerar ba ta da iko, gwamna ke ɗorawa ya sauke, kuɗi kuma na asusun haɗin gwiwa da gwamnatin jiha. Wannan ne ma babbar hujjata. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomin riƙo a maimakon zaɓaɓɓu. Aiwatarwa ta zo da jan ƙafa, kuma dalilin a fili yake: hukunci ba ya aiwatar da kansa, sai wanda aka ba haƙƙi ya tsaya a kai. Shugaban da bai san abin da hukuncin ya ba shi ba, ko yake ganin alfarma aka yi masa, ba zai ɗaga murya ba.

Saboda haka jam'iyyu su daina mayar da tikitin ƙaramar hukuma ladan biyayya. Ƙungiyar lauyoyi reshen Kaduna kuma ba sai ta jira zaɓe ba. Ta nemi dokokin haraji na ƙananan hukumomi huɗun nan na cikin birni, ta fitar da su da Hausa a sauƙaƙe, a manna a ƙofar kowace kasuwa da tashar Kawo, a karanta a rediyo, kowane ɗan tireda ya san abin da ke kansa da wanda ba ya kansa.