Fayil ɗin yarinyar nan bai kamata ya ɓata ba

Wallahi maganar fayil ɗin yarinyar nan mai sikila ta ƙi barin zuciyata. An kai ta asibiti tana cikin ciwo, aka ce fayil ɗinta ya ɓata. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu cewa ai ƙaddara ce, takarda ce ta ɓata, a yi haƙuri. Haƙuri muna yi, mun kuma yarda da ƙaddara, amma sakaci sunansa sakaci. Yarinyar da tun tana goye ake kai ta asibiti guda, a wayi gari a ce wa uwarta ba a ga fayil ba, a buɗe mata na wucin gadi, tana kwance kan benci ƙasusuwanta na sara.

Kun san me ke cikin fayil ɗin mai sikila? Leda nawa aka taɓa ƙara mata na jini, da wane ƙarin ne jikinta ya ƙi karɓa. Wanda ake yawan ƙara wa jini, jikinsa kan fara yaƙar wasu nau'o'in jinin, ƙarfe kuma ya riƙa taruwa masa a hanta da zuciya. Akwai yawan jininta a lokacin da take lafiya lau, wanda da shi likita zai gane ko yau ta yi ƙasa sosai ko haka ta saba. Akwai allurar da ta taɓa sa ta kumburi. In tana shan hydroxyurea, maganin da ake ba masu sikila, da sakamakon gwajin jini ake auna yawan da za a ba ta. Duk wannan ya tafi. Likita ya koma tambayar uwar da ba ta runtsa ba: "Mama, wane magani aka ba ta bara?" Ta ce wani fari ne ƙarami. To da me zai yi aiki?

Maganata ɗaya ce. Tarihin mara lafiya a kwamfuta ya kamata ya zauna.

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin kati ya san abin da nake faɗa. Fayiloli jibge har rufi, an ɗaɗɗaure da igiya, na ƙasa damina ta jiƙa su, na lungu gara ta cinye gefensu. Ma'aikaci ɗaya ko biyu cikin ƙura da zafi suna lalube. Ni ban ga laifinsu ba, aikin ya fi ƙarfin hannu. Amma ku taka zuwa wajen biyan kuɗi a asibitin nan dai. Kwamfuta ce a gaban mai karɓa, rasit na fita da lamba, naira ɗaya ba ta salwanta. Ke nan an san amfanin na'urar sarai. An ga ya dace a tsare lissafin kuɗi, lissafin jinin ɗan Adam kuma aka bar wa gara. Wannan ne ya hana ni barci.

Na san za a ce babu wuta. Mai POS ɗin da ke bakin ƙofar asibitin yana aiki daga safe har dare da ɗan faifan sola guda. Asibitin da ke iya tayar da janareta don ofishin shugabanni zai iya kunna kwamfuta goma. A bar wannan zancen.

Za a ce ma'aikatanmu ba su iya ba. Su waye suka yi aikin foliyo? A nan Arewa aka riƙa ba masu rigakafi wayoyi a jaka, ana bin sawunsu ta tauraron ɗan Adam, a ga a kan taswira wace ruga aka shiga, wace unguwa aka tsallake. An gano ƙauyukan da babu su a tsohuwar taswira. A Borno aka ga na ƙarshe da ƙwayar foliyo ta daji, wato wadda ba daga rigakafi ta samo asali ba, ta kama a Najeriya a 2016, a watan Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar foliyo ta daji. 'Ya'yanmu ne suka yi wannan, 'yan Kano da Katsina da Sakkwato. Na'urar GeneXpert da ke gano tarin fuka cikin kamar awa biyu, har ta faɗa ko ƙwayar ta bijire wa magani, da kwamfuta take aiki, kuma namu ne ke sarrafa ta. Bayan Ebola ta 2014 aka samar da manhajar SORMAS da ake bin diddigin annoba da ita a Najeriya. Sashen masu karɓar maganin HIV a asibitoci da dama ya daɗe da sa bayanan mutanensa a kwamfuta. Me ya sa sai inda masu ba da tallafi daga waje suka tsaya a kai ne abin ke yiwuwa? Mai sikila da mai hawan jini da mai ciwon suga ba mutane ba ne?

Wasu kuma suka kawo min zancen masu kutse. E, a watan Mayun 2017 harin kutsen kwamfuta da ake kira WannaCry ya tsayar da asibitoci da yawa a Ingila, an soke ganin likita kusan 19,000. Sun koma ɗaure fayil da igiya? Gyara tsaronsu suka yi suka ci gaba. Mu ma muna da dokar kare bayanai tun 2023, a yi aiki da ita. Sirrin da ake tsoron ya fita, takardar da kowane mai wucewa zai iya buɗewa a kan tebur ce take tsare shi?

Mai cewa likita zai koma kallon allo ya daina kallon mara lafiya, ka je ka ga yadda yake ɓata rabin lokacinsa yana ƙoƙarin karanta rubutun wanda ya gabace shi.

Don Allah shugabannin asibitoci, kwamishinonin lafiya, 'yan majalisarmu, ina roƙonku da zuciya ɗaya. Ba ginin bene muke nema ba. Lamba ɗaya ga kowane mara lafiya, a buga ta tarihinsa ya fito, ko da ƙarfe biyun dare aka kawo shi, a kuma ajiye kwafi a wani wuri saboda gobara. A fara da masu ciwon da ba ya rabuwa da mutum, su ne ɓatan fayil ya fi cutarwa.