Wandon tela

Shekara 22 ina zaune a kan keken ɗinki a unguwar Nima, cikin birnin Accra na Ghana. Ƙafata ta dama ce kaɗai take motsa jiki, ita ma tun da na sayi keken lantarki ta yi ritaya. Ranar da na je awon jini, likita ta dubi na'urarta, ta dubi tumbina, ta ce, "Baba, minti 150 a mako ka yi abin da zai sa ka gumi. Kuma ka rage waakye," wato shinkafa da wake irin tamu ta nan. Na farkon na ji shi sarai. Na biyun na yi kamar da wani take.

Ɗan ƙanwata da yake koyon ɗinki a shagona shi ya kawo maganar rawar hip hop. Na ce ni da furfura a gemu? Ya ce, "Kawu, ai wasa ne kamar ƙwallo. A gasar Olamfik ta Faris a 2024 har zinare aka rataya wa masu juyi a ka." Wai abin ya faro ne a 1973 a unguwar Bronx ta birnin New York, wurin 'ya'yan talakawa, wato dai zangon Amurka. Kalmar zangon nan ita ta kashe mini jiki. Kuma tsakani da Allah, a 2010 da ɗan wasanmu na Ghana Asamoah Gyan ya zura wa Amurka ƙwallo na ɗan karkaɗa kafaɗa a gaban talabijin, ba wanda ya mutu.

Sharaɗina ɗaya ne: ba a Nima ba, ba a Maamobi ba, ba inda wanda muke haɗa sahu da shi zai gan ni ba. Yaro ya samo wani wuri can unguwar East Legon, sai an hau trotro, wato motar haya, har biyu. Da dare na zauna na ɗinka wa kaina wando burgujeje da ragowar yadi. Maiɗakina kuwa na ce mata zan je auna wani babban mutum.

Ɗakin rawar bango guda madubi ne. Ban taɓa ganin kaina gaba ɗaya haka ba, kuma ban ji daɗin haɗuwar ba. Malamin yaro ne da bai wuce sa'ar ɗana na biyu ba. Ya tafa hannu ya ce, "Biyar, shida, bakwai, takwas!" Ina tsaye ina jiran a ce ɗaya, sai na ga jama'a sun yi hagu. Kafin in yi hagu sun dawo dama, muka yi karo da wata baiwar Allah. Ni dai a makarantarmu daga ɗaya ake fara ƙirga.

Ya ce a saki gwiwa. Na saki, suka yi ƙara irin ta ƙofar shagona da damina. Amma bayan minti goma abin ya fara shiga jikina. Gumi ya jiƙa riga, tumbi yana bin kiɗa da kansa, ko da yake yakan makara kaɗan. Har na fara raina yaran a zuci.

Sai ya ce a tsuguna a miƙe da sauri. Tsugunawa na tsuguna, har na fi kowa sauka. A daidai nan kiɗa ya ɗauke, don akwai wurin da ake so kowa ya sandare kamar gunki. Cikin wannan shirun wandona ya ce ɓaaar, tun daga gaba har baya. Na kasa tashi, na kasa zama. Malami ya nuna ni yana tafi, wai kowa ya dubi yadda Baba ya iya sandarewa.

Daga bayana na ji an ce da Hausa tsantsa, "Sannu, Baba tela. Wandon nan ɗinkin wa ne?"

'Yar Hajiya mai waakye ce ta bakin lungunmu. Atamfar uwarta ta biki tana shagona a lokacin.

Da tawul ɗaure a ƙugu na hau trotro, kamar mai zuwa wanka. Ashe labari ya riga ni sauka. Washegari na je wurin Hajiya ina sunkuyar da kai. Ba ta ce komai ba, ta zuba mini, ta ɗora ƙwai biyu da ganda ba tare da na tambaya ba. Sai da na miƙa kuɗi ta ce, "Malam, atamfar tawa a bi ta sau biyu. Ni ma zan taka a bikin nan."

Maiɗakina har yau tambaya ɗaya take yi mini in na ɗauki tawul: babban mutumin nan bai gama aunuwa ba? Kuɗin wata guda na biya, kuma ba sa mayarwa. Sabon wandon layi uku na bi shi, na sa masa ƙari a hantsa.