Kafin ka tambayi kVA nawa, fara lissafa darenka

Duk wanda ya zo min da maganar sola, tambayarsa ta farko ɗaya ce: "Mai kVA nawa zan saka?" Wani ma ya riga ya yanke, 3.5 yake so, don ita maƙwabcinsa ya saka. A ganina wannan tambayar ce ta fi jefa mutane cikin asara, kuma masu sayarwa sun fi kowa son jin ta. kVA girman inbata ne kawai (na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda kayan gida ke aiki da ita), wato iya nauyin da za ta ɗauka a lokaci guda. Ba ruwanta da ko fankarka za ta kai asuba tana juyawa. Fanel mai garuwa ne, batir randa, inbata kuwa moɗa. Ka sayi moɗa komai girmanta, ruwan randar bai ƙaru ba.

Ban ga laifin jama'a ba da suka yi wa sola rububi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta kai kuɗin wutar 'yan Band A, rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit. Ga kuma duhun Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir ma ya samu matsala, jihohin Arewa da dama suka shafe fiye da mako babu wuta. Ƙanƙara ta yi tsada, cajin waya sai an bi layi. Daga nan ko masu cewa sola kayan masu hali ce suka fara tambayar farashi. Sai dai wanda ya shiga kasuwa a ƙufule, shi aka fi yi wa sakiyar da ba ruwa.

To ga lissafin, ba ya buƙatar injiniya. Mai mitar kati ya san yunit: wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Fankar silin irin ta da tana cin kusan wat 75. Guda biyu, daga takwas na dare zuwa shida na safe, yunit ɗaya da rabi ke nan. Ƙwai shida masu wat 10 na awa biyar, da talabijin na awa huɗu, da cajin wayoyin gida, sun kai ka sama da yunit 2, ba a ma zo kan firji ba. Batirin tubula, wato mai ruwa a ciki, mai 200Ah (ma'aunin cajin da yake ɗauka) da bolt 12, a takarda yunit 2.4 ne. Amma wanda ke son ya daɗe masa ba zai riƙa shan fiye da rabi ba, wato yunit 1.2. Kun ga ke nan batir ɗaya ba zai riƙe wannan ɗan ƙaramin gidan ba, ko da inbatar mai kVA 10 ce. Shi ya sa wajen ƙarfe biyun dare a watan Afrilu za ka ji inbata ta fara ɗan kukan nan, tit, tit, fanka ta tsaya, yara su tashi, maigida ya fito tsakar gida da mafici yana tsine wa wanda ya haɗa. Sau da yawa shi mai haɗawar abin da aka biya shi ya saka. Laifinsa ɗaya, bai faɗi gaskiya tun farko ba don kada ciniki ya kuɓuce.

Abu na farko da zan ce a saya ma ba kayan sola ba ne. A canja fankokin. Akwai na zamani masu cin wat 30 ko ƙasa da haka, kuma iskarsu ba ta da laifi. Wannan canjin kaɗai ya sauko da lissafin daren daga sama da yunit 2 zuwa yunit ɗaya da 'yan kai. Kuɗin fanka biyu bai kai kuɗin batir ɗaya ba. Ban san abin da ya sa wannan shawarar ba ta shiga kunnen mutane ba, sai dai ko don fanka ba a hango ta daga titi, fanel kuwa duk unguwa na gani.

Tsakanin batirin tubula da na litiyam, ni ina bayan litiyam ga duk wanda zai iya kai hannu. Ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ya ɗauka, yana cika da sauri, ba a zuba masa ruwa, kuma mai kyau yana jure caji da saukewa sau dubbai. Tubula kuwa yana son kula. Ana duba ruwansa, a ƙara masa ruwan batir, ba na famfo ba, a ajiye shi inda iska ke ratsawa. Zafi yana cin rayuwarsa, mu kuma zafi muke da shi a wadace. Wanda ya kulle batirinsa a sito mai rufin kwano babu taga, ya kuma riƙa shanye shi ƙarƙaf kowane dare, kada ya yi mamaki in shekara biyu ba ta cika ba ya koma kasuwa. In ka sayi tubula sau biyu ko uku, ka biya kuɗin litiyam ɗin da ka guda, ka ɗora da ɓacin rai. Amma litiyam ɗin ma akwai na banza, wanda aka cusa tsofaffin ƙwayoyi a sabon akwati. Mai araha fiye da ƙima, a bar wa mai shi.

Fanel shi ne abin da ya yi sauƙi. Masana'antun China, inda ake ƙera sama da kashi 80 cikin ɗari na fanel ɗin duniya, sun cika kasuwa har farashinsa a dala ya faɗi sosai a 2023 da 2024. Faɗuwar naira ce ta hana mu jin daɗin saukin yadda ya kamata. Duk da haka, a cikin kayan nan shi ne mafi arha idan aka auna da aikinsa, kuma shi ya fi daɗewa, shekara ashirin ba komai ba ne a wurin na kirki. Mai wat 550 a ranar Kano ko Katsina zai ba ka yunit 2 ko sama da haka a wuni. Saboda haka dabarar ita ce a yawaita fanel, a kwashe aiki mai nauyi a mayar da shi rana. A tura ruwa tanki da hantsi. Firiza ta yi ƙanƙararta daga safe zuwa la'asar, a kashe ta, a daina yawan buɗewa. Guga, in ya zama dole, da tsakar rana. Dutsen guga da hita kowanne ya kai wat 1,000 ko ya wuce, jona su da daddare zalunci ne ga batir. Wannan kuma magana ce da sai an zauna da uwargida da yara an yi ta, don su ke gida da rana, su ne masu tafiyar da solar a zahiri, ba mai biyan kuɗin ba.

Kada kuma a auna fanel da ranar da ta fi kyau. Lambar da ke jikinsa an gwada ta ne a zafin digiri 25, kan kwanonmu kuwa a bazara yana iya haura 60, kuma ƙarfinsa raguwa yake yi in ya yi zafi. Da hunturu, shafa yatsa a kan gilashin bayan mako guda ka ga ƙurar da za ta biyo ka. Wannan ƙurar wuta ce take tarewa, sai an riƙa wankewa da sassafe kafin ya ɗau zafi. A Agusta ga marka, wani lokaci kwana biyu ba a ga rana sosai ba. A kafa shi yana kallon kudu, da ɗan karkata don ruwa ya gangare, nesa da inuwar tanki ko darbejiya, don inuwa a kan kusurwa ɗaya tana iya ja wa layin gaba ɗaya.

Na jabu sun yi yawa. Takardar da ke manne a bayan fanel, kowa na iya bugawa ya rubuta sunan babban kamfani irin Jinko ko Longi da wat 600. Duba girmansa: mai wat 550 na gaskiya ya fi mita biyu tsawo, ya fi mita ɗaya faɗi, yaro ba ya ɗaga shi shi kaɗai. In aka nuna maka wani ɗan tsaka-tsaki aka ce ƙarfinsu ɗaya, yi sallama. Haka waya: siririya ko mai garwaye tana ɗumi, tana shan wutar a hanya, ita ce kuma ke jawo gobara. Bireka, fis da wayar ƙasa saboda tsawa, nan ne masu haɗawa ke rage kuɗi don aikinsu ya fi na wani arha, kai kuma ka ɗauka sauƙi aka yi maka.

Sai biyan kuɗi. Fara duba abin da janareta ke ci. Gidan da ke ƙona lita 3 kullum, in aka ɗauki lita a naira 900, ya kashe 81,000 a wata, kusan miliyan a shekara, ban da baƙin mai da gyara. Duk biyan wata na bashin sola da ya zarce abin da kake ba gidan mai, ya fi ƙarfinka. Mai kuɗi a hannu shi ya fi morewa. Wanda ba shi da su, adashe ya fi masa manhajojin bashin waya masu ruwa da tozarci. Ana iya ginawa a hankali: inbata mai kyau wadda ke da wurin ƙari, fanel kaɗan, batir ɗaya na kirki, a ƙara fanel daga baya. Abin da ba a yi shi ne haɗa sabon tubula da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Kamfanoni irin su Sun King da d.light suna ba da ƙananan kaya a biya kaɗan-kaɗan, in ba a biya ba na'urar ta kulle kanta. Ga mai shago ko gidan ƙauye da ke son haske da fanka da caji, ba laifi. Amma ka tara duk abin da za ka biya daga kafin alƙalami har ƙarshe, ka kwatanta da farashin hannu, sannan ka sa hannu. Masu gudun riba kuma, bankuna irin su Jaiz da TAJ da murabaha suke aiki: su saya, su sayar maka da ribar da aka yanke tun farko. Mafi yawan malamai sun halatta ƙarin farashi saboda jinkiri matuƙar an tsayar da shi lokacin ƙulla ciniki. Inda za ka buɗe ido shi ne abin da takardar ta ce idan ka makara da biya. Kai wa malaminka ya duba.

Ɗan haya ya fara samun yardar mai gida kafin a huda kwano, a kuma rubuta cewa kayan nasa ne in zai tashi. Shi kuma mai haɗawa, ko ɗan uwanka ne, ya rubuta maka sunan kowane kaya da lambarsa da garantin batir, ka ga kayan a kwalinsu kafin su hau sama. Ka riƙe wani abu daga kuɗin aikinsa har sai kayan sun kwana uku ɗauke da duk abin da kuka yi yarjejeniya za su ɗauka, babu NEPA, babu janareta.